Koyarwar tattalin kuɗi da zaman babu bashi a aikin mishan a Nijar

Koyarwar tattalin kuɗi ta Kirista tarbiyya ce da ƴan mishan da fastoci ke yi wa mabiya kan yadda za su riƙe abin hannunsu, su yi tanadi, su ba da baiko a majami'a, su kuma guji cin bashi. Ginshiƙinta shi ne dukiya ta Allah ce, mutum wakili ne da aka ba amana. A Nijar, inda Kiristoci ba su kai kashi 2 cikin 100 na jama'a ba, ana jin ta a wa'azin Lahadi, da taron zumuntar mata, da nasihar da ake yi wa masu shirin aure, a Yamai da garuruwan jihar Tawa.

Asali

Ƙin bashi tsohuwar aƙida ce a wurin ƙungiyoyin da ake kira mishan na bangaskiya. Hudson Taylor, wanda ya kafa mishan ɗinsa na ƙasar Sin a 1865, ya sa doka cewa ba za a ci bashi don aikin Allah ba. Ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission), wadda ta soma a 1893, ta kuma shigo Damagaram a 1924, daga wannan reshe ta fito. Ita ce ta buɗe asibitin Galmi a 1950, a kan babbar hanya tsakanin Birnin Ƙonni da Madawa. Ɗan mishan irin wannan ba albashi yake karɓa kamar ma'aikacin gwamnati ba: majami'u da ɗaiɗaikun mutane a ƙasarsu ne ke haɗa masa abin da zai rayu da shi. Shi ya sa ƙungiyoyi da yawa ke duba nauyin bashin da ke kan mutum kafin su tura shi.

Tsarin darasin na zamani kuwa a Amurka aka yi shi. Larry Burkett ya kafa ƙungiyarsa ta koyar da harkar kuɗi a 1976, Howard Dayton ya kafa tasa a 1985, su biyun suka haɗe a 2000 da sunan Crown Financial Ministries. Wani mai koyar da harkar kuɗi a can, Dave Ramsey, ya yi suna da matakansa: a fara ajiye dala 1,000 ta Amurka don ko-ta-kwana, a bi basussuka daga ƙarami zuwa babba ana biya, sannan a tara abin da zai riƙe gida wata 3 zuwa 6.

Nassosi

An kammala fassara Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, don haka ayoyin ba baƙi ba ne a kunnen Kirista Bahaushe. Wadda aka fi ja ita ce Karin Magana 22:7, inda aka kwatanta mai cin bashi da bawan wanda ya ba shi. Sai Romawa 13:8 kan kada bashin kowa ya zauna a kan mutum sai na ƙauna, da Luka 14:28 kan mai ginin da ya kamata ya zauna ya yi lissafi tukuna, da Malakai 3:10 kan zakka, wato ɗaya cikin goma. A karkara labarin Yusufu a Farawa 41 ya fi shiga rai, don manomin Adar, wato yankin Tawa, bai buƙatar a fassara masa ma'anar cika rumbu a shekarar ƙoshi saboda shekarar yunwa. Wanda ya ga yunwar 2005 ya san zancen.

Yadda take haɗuwa da rayuwar Tawa da Yamai

A nan ne aikin yake. An tsara darasin don mai albashin wata, mai katin banki, mai gidan da ya tsaya kan miji da mata da ƴaƴa. Bashin manomin Tawa ba wannan ba ne. Nasa na hatsi ne, kuma lokaci ke kawo shi: rumbu ya ƙare tun damina ba ta yi nisa ba, sai ya karɓi tiya kaza wurin ɗan kasuwa a kan zai biya da kaka, lokacin da gero ya fi araha. Ya sayar da arha, ya dawo ya saya da tsada. Wani gonarsa yake jinginarwa. Mai noman albasa a Galmi yakan ci bashin iri da taki da man injin ban-ruwa, ya wayi gari dole ya sayar ranar da kowa ke sayarwa. Ga kuɗin motar ɗan ci-rani mai tafiya Abijan ko Libiya, wanda sau da yawa rance ne, gida kuma na jiran aike.

A Yamai kamannin ya sauya kaɗan. Ma'aikaci na da littafi wurin mai shago, albashi na zuwa ya tarar da masu jiransa, ga haya, ga kuɗin lakwal a watan Oktoba. A 2014 hukumomin kuɗin sefa na yammacin Afirka sun ƙayyade iyakar ruwa a kashi 15 cikin 100 ga bankuna, 24 ga ƙananan cibiyoyin ba da rance, amma mai ba da bashi na unguwa ba ya duba wannan takarda.

Saboda haka mai koyarwa da ya san ƙasa yakan sauya misalai. Ambulan da darasin ke cewa a riƙa kasa kuɗi a ciki ya koma gwangwani ko ƙullin zane, ajiyar ko-ta-kwana ta koma akuya ko tunkiya a turke, lissafi kuma da dala da jika ake yin sa yadda ake yi a kasuwa, dala tamma 5, jika 1,000. Abin ban sha'awa, dabarar da majami'u a ƙasashe da dama suka runguma daga baya, wato asusun ƙungiya, a Nijar aka haife ta: tsarin Mata Masu Dubara da ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a yankin Maraɗi a 1991, bisa tsohon adashi. Mata na zubi duk mako, su ranta wa junansu, su raba a ƙarshen zango. Ba tsarin addini ba ne, Musulmi da Kirista duk suna cikinsa, majami'a dai takan ƙara masa addu'a da karatun nassi.

Muhawara

Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Masu sukar koyarwar na ganin cewa rance tsakanin dangi da maƙwabta ba ciniki ba ne kawai, igiyar zumunci ce. Matar da ta kai gudummawar biki ta san za a mayar mata ranar nata, har da ƙari. Wanda ya ƙi karɓa kuma ya ƙi bayarwa don yana bin kasafi, sunan da zai samu shi ne marowaci. Ga wanda ya bar addinin gidansu abin ya fi nauyi, don hana ɗan'uwa rance na iya zama shaidar cewa ya yanke zumunta gaba ɗaya.

Akwai kuma tazara tsakanin malami da ɗalibi. Baƙon da ke da mota da inshorar lafiya, wanda tallafinsa ke zuwa da dalar Amurka, in ya ce wa mai jiran kaka kada ya ci bashi, maganar kan yi masa nauyi a baki. Shi kansa kusan kullum ana ƙwanƙwasa masa ƙofa neman rance, kuma ra'ayin ƴan mishan ya rabu: wasu na bayarwa kyauta don kada bashi ya ɓata abota, wasu na bi ta hannun dattawan ikkilisiya.

Malaman tauhidi ma ba su haɗu kan cewa duk bashi zunubi ne ba. Galibi suna raba bashin jari da na burga, irin wanda ake ci don kayan ɗaki, ko shagalin suna, ko ɗinkin Kirsimeti. Kan cin ruwa daga talaka kuwa, Fitowa 22:25 ta hana shi, abin da ya zo kusa da haramcin riba da maƙwabtansu Musulmi suka sani.