Dalilin da ya sa ake hana foldar .git hawa sabar

Duk inda masu rubuta manhaja suka san aikinsu, akwai sharaɗin da suke gindaya wa wanda zai ɗora aiki a intanet: kada fayilolin da ke riƙe da tarihin kod su bi manhajar zuwa sabar da jama'a ke shiga. Ba wata majalisa ce ta kafa wannan doka ba, ƙa'ida ce ta sana'a, amma tana da tushe. Cibiyar MITRE ta Amurka, mai kula da kundin raunin manhajoji, ta ware wa wannan kuskure lambarsa, CWE-527.

Git, manhajar bin sawun sauye-sauyen kod da Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005, yana ajiye tarihin aiki a wata folda mai suna .git. Takwarorinsa ma haka: Subversion na da .svn, Mercurial kuma .hg. Ɗigon da ke farkon sunan yana ɓoye foldar daga idon mai duba fayiloli, shi ya sa ake mantawa da ita. Sabar kuwa ba ruwanta da ɗigo. In dai foldar na cikin wurin da aka buɗe wa jama'a, duk wanda ya nema za ta miƙa masa.

Abin da ke ciki shi ne abin tsoro. Kowane sauyi da aka taɓa yi wa kod ɗin tun ranar farko yana nan, da sunan wanda ya yi da adireshin imel ɗinsa. A ce wani ya taɓa rubuta kalmar sirrin rumbun bayanai a cikin kod, ya adana, washegari ya gane kuskurensa ya goge. A ganinsa magana ta mutu. Git kuwa an gina shi ne don kada ya manta, tsohon rubutun na nan daram, kuma wanda ya kwashi foldar zai iya komawa ranar ya karanta. Fayil ɗin config da ke cikin foldar ma wani lokaci yakan ɗauki adireshin ma'ajiyar kod tare da mabuɗin shiga.

A 2018 wani mai binciken tsaro ɗan ƙasar Cek, Vladimír Smitka, ya bi adireshi kusan miliyan 230, ya tarar da shafuka wajen 390,000 da foldarsu ta .git ke buɗe. A Janairun 2021 kuma wasu masu bincike suka bi ta irin wannan ƙofa suka kai ga bayanai fiye da 100,000 na ma'aikatan hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya.

Abubuwa biyu na yaudarar mutane a nan. Wasu na zaton fayil ɗin .gitignore ya isa, alhali aikinsa kawai hana wasu fayiloli shiga tarihi, ba shi da iko kan abin da aka kwafa zuwa sabar. Wasu kuma sukan kashe jero sunayen fayiloli a sabar su ce sun rufe. Sunayen da ke cikin .git sanannu ne ga kowa, HEAD da index da refs, daga su ake bin sawu har a sake haɗa kod ɗin.

To yaya ake bin ƙa'idar? A ganina, wanda ke kwafar komai sannan ya goge foldar da hannu yana jiran ranar da zai manta ne. Gara kada ta je can tun farko. Umarnin git archive yana fitar da kod tsura ba tarihi, svn export ma haka. Wannan ya fi muhimmanci ga tsofaffin ayyukan Subversion, domin kafin fitowar sigarsa ta 1.7 a 2011 kowace ƙaramar folda na da tata .svn. Mai amfani da Docker, manhajar ƙunshe aiki kafin a ɗora shi, ya sa .git a cikin fayil ɗin .dockerignore. Wanda tsarinsa ya dogara da jawo kod kai tsaye a kan sabar, ya ajiye ma'ajiyar a wajen foldar jama'a, ya kuma umarci manhajar sabar, Apache ko Nginx, ta ƙi amsa duk buƙatar da ta nufi .git.

Gwajin ba ya cin minti ɗaya. Ka rubuta adireshin shafinka, ka ƙara /.git/HEAD a ƙarshe. In ka ga layi mai farawa da ref: refs/heads, ƙofarka a buɗe take.

In haka ta faru, goge foldar bai wadatar ba, tunda ba ka san wanda ya riga ya kwafa ba. Duk kalmar sirri da mabuɗin da suka taɓa shiga tarihin a canza su a ranar, a kuma duba rajistar sabar a ga ko an taɓa neman foldar. In bayanan mutane sun fita, to an shiga hurumin doka ta gaske: a Tarayyar Turai, dokar kare bayanai ta GDPR ta ba da sa'o'i 72 a sanar da hukumar kare bayanai daga lokacin da aka gano.