Yadda wasan kwaikwayon alhini ya faro a ƙasar Girka: tambayoyi da amsoshi

Wa ya fara fitowa a matsayin ɗan wasa?

Sunan da Girkawa suka riƙe shi ne Tesfis, mutumin ƙauyen Ikariya da ke yankin Atina. Kafin shi, abin da ake yi a bikin Diyonisas, abin bautarsu na giya da inabi, waƙa ce da rawa. Jagora ya ba da baiti, ayarin maza su karɓa, kamar mawaƙi da 'yan amshinsa. Labarin jarumi suke rerawa: ya je wuri kaza, ya yi kaza. Sai Tesfis ya ware daga ayarin, ya sauya fuska, ya yi magana da bakin jarumin kansa, 'yan amshi suna tambayarsa yana mayar musu. A ganina nan ne komai ya juya, domin mai kallo ya daina jin labarin abin da ya wuce, ya koma ganin abin yana faruwa a gabansa. Ana danganta masa nasara a gasar Atina wajen shekara ta 534 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), zamanin mulkin Fisistiratas. Duk shekarun da ke ƙasa na wannan lissafin ne.

Mutane sun karɓi abin hannu biyu?

Ba kowa ba. Marubuci Fulutak ya ruwaito cewa dattijo Solon, mai tsara wa Atina dokoki, ya je kallo, ya tambayi Tesfis ko ba ya jin kunyar zuba ƙarya a gaban jama'a. Tesfis ya ce ai wasa ne. Solon ya buga sandarsa a ƙasa, ya ce in aka yaba irin wannan wasa, ba da jimawa ba za a tsince shi cikin ciniki da alkawari.

Mutum ɗaya ya isa ya riƙe wasa?

Bai isa ba, shi ya sa aka ƙara. Masanin falsafa Aristotal ya ce marubucin wasa Eskilas ne ya kawo ɗan wasa na biyu ya kuma rage aikin 'yan amshi, sannan wani marubucin, Sofokilis, ya kawo na uku. Da mutum biyu ake samun gardama fuska da fuska. Daga uku ba a ƙara masu magana ba, sai dai kowannensu ya taka rawa da yawa. Zai shige rumfar da ke bayan dandali a matsayin sarki, ya cire fuskar aro ta lilin mai haɗe da gashi, ya sa wata, ya fito a matsayin tsohuwa ko manzo. Duk maza ne, har masu fitowa a mata.

Yaya gasar take gudana?

Ana yin ta a bikin Diyonisas na birni wajen watan Maris, a filin da ke gangaren kudu na tudun Akurofolis. Marubuta uku ake zaɓa, kowa ya kawo wasan alhini uku da na raha ɗaya. Hukuma tana ɗora wa wani attajiri nauyin horar da 'yan amshi da tufatar da su, alƙalai kuma ta hanyar ƙuri'a ake fitar da su.

Me ya sa suka fi karkata ga labarin masifa?

Yawancin wasannin daga tsoffin labaran gidajen sarauta aka ɗebo su, waɗanda masu kallo suka riga suka san ƙarshensu. Abin da ke riƙe su shi ne ganin babban mutum yana tafiya da ƙafarsa zuwa halaka. Sarki Edifas, a wasan Sofokilis, ya rantse sai ya gano wanda ya kashe tsohon sarki, alhali shi ne. Aristotal ya ce irin wannan yana tada tausayi da tsoro, yana kuma wanke zuciya daga gare su. Kisa galibi ba a nuna shi. Manzo ne ke shigowa ya bayyana abin da idonsa ya gani.

Taɓa ciwon da bai warke ba kuwa yana da hatsari. Farisawa sun ci Miletas, wani birnin Girkawa, a 494, marubuci Firinikas ya yi wasa a kai, filin ya ɓarke da kuka. Masanin tarihi Herodotas ya ce an ci Firinikas tarar dirakma (kuɗin Girka) 1,000 saboda ya tuna wa mutane bala'insu, aka kuma haramta sake nuna wasan.

Nawa suka iso gare mu?

Kaɗan ƙwarai, kuma abin da ciwo. Babu cikakken wasan Tesfis ko ɗaya. Sofokilis ya rubuta fiye da 120, bakwai suka tsira. Bakwai ne kuma ke ɗauke da sunan Eskilas, na marubuci Yurifidis kuwa 19. Mafi tsufa shi ne *Farisawa* na Eskilas, wanda aka nuna a 472, shekara takwas bayan yaƙin ruwa na Salamis, inda Girkawa suka ci Farisawa. Eskilas soja ne da ya yaƙi Farisa a Maraton, amma ya kafa wasan a fadar abokan gaba, inda uwar sarki ke jiran labarin rundunar ɗanta. Wanda ya ɗauki nauyin 'yan amshin a shekarar wani matashi ne mai suna Ferikilis, wanda daga baya ya zama jagoran Atina.