Dokar Tarayyar Turai kan zuba wa dabbobi maganin kashe ƙwayoyin cuta: me ta hana, me ta bari?

Tun ranar 28 ga Janairun 2022, mai kiwo a ƙasashen Tarayyar Turai ba shi da ikon zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a abinci ko ruwan garke don kawai gudun kada cuta ta zo. Dokar da ta tanadi haka ita ce mai lamba 2019/6, da takwararta 2019/4 wadda ta shafi abincin dabbobi da ake haɗawa da magani.

Asalin matsalar ya faro ne wajen 1950, lokacin da masu bincike a Amurka suka lura cewa 'yan tsaki sun fi saurin girma idan aka sa musu ɗan magani kaɗan a abinci. Manyan gonaki suka rungumi abin. Illar ita ce, ɗan ƙaramin magani kullum ba ya kashe duk ƙwayoyin da ke hanjin dabba. Masu rauni suke mutuwa, masu taurin kai su rayu su hayayyafa, har ma su miƙa wa wasu ƙwayoyin wannan taurin. Daga nan sai su iso ga mutum ta nama, ta kashin dabbobi da ake yin taki da shi, ko ta hannun ma'aikacin gona. A 1969 kwamitin Swann a Birtaniya ya yi gargaɗi a kai. A 1976 wani mai bincike, Stuart Levy, ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi a wata gona a Amurka: aka ba kaji abinci mai tetrasaikilin, cikin 'yan watanni ƙwayoyin hanjin mutanen gidan ma suka daina jin maganin.

Suwidin ce ta fara hana maganin ƙara girma a 1986. Sai batun abofasin, wanda ake ba kaji da aladu, ɗan'uwan bankomaisin ne da asibitoci ke ajiyewa don cutar da ta gagari sauran magunguna. Da aka gano ƙwayoyi masu bijire wa bankomaisin a gonakin da ke amfani da shi, Denmak ta hana shi a 1995, Tarayyar ta bi sahu a 1997. Da aka ƙara hana wasu huɗu, kamfanin Pfizer ya garzaya kotu yana cewa hujjar kimiyya ba ta cika ba. A 2002 kotun ta ce hukuma ba sai ta jira tabbaci ɗari bisa ɗari ba idan lafiyar jama'a na cikin haɗari, muddin akwai bincike na ƙwarai da ta dogara da shi. Wannan hukunci ne ya share hanyar haramta maganin ƙara girma gaba ɗaya a 2006.

Sai dai haramcin ya toshe ƙofa ɗaya ce kawai. A Denmak, 'ya'yan aladun da aka yaye suka riƙa zawo, maganin da likitoci ke rubutawa ya ƙaru. A wasu ƙasashen kuwa suna kawai aka canza: abin da ake kira na ƙara girma ya koma na kariya. Shi ya sa dokar 2022 ta bi dalilin ba da maganin ɗaya bayan ɗaya.

Ba a yarda a ba da shi a kai a kai ba, ko don rufe ƙazantar keji, cunkoso da rashin kula. Ba da shi tun kafin cuta ta bayyana sai a yanayi na musamman, kuma ga dabba ɗaya tak, misali bayan tiyata. Idan cuta ta ɓulla a garke, ana iya ba masu lafiyar da ke tare da marasa lafiya, amma sai likitan dabbobi ya gano cutar, haɗarin yaɗuwa ya yi yawa, kuma babu wata mafita. Takardar likitan kwana 5 take aiki, abinci mai irin wannan magani kuma kada a wuce mako 2 ana ba da shi idan bayanin maganin bai ƙayyade wa'adi ba. Akwai jerin magungunan da aka keɓe wa mutane kaɗai. Masu kai nama, ƙwai ko madara kasuwar Turai daga waje su ma sharaɗi biyu ya hau kansu: ban da maganin ƙara girma, ban da na wannan jerin.

Alƙaluma ne ke riƙe da dokar, domin dole kowace ƙasa ta tattara bayanan abin da aka sayar da abin da aka yi amfani da shi. Hukumar magunguna ta Turai ta ce a ƙasashe 25 sayar da waɗannan magunguna na dabbobi ya ragu da kashi 53 cikin ɗari tsakanin 2011 da 2022.

Akwai gurbin da masu suka ke nunawa da yatsa. Kolistin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake ba mutane da dabbobi, bai shiga jerin na mutane ba, duk da cewa a 2015 an gano a Sin yadda turjiya gare shi ke tsallakawa daga ƙwaya zuwa ƙwaya. Magungunan cutar hanji ta koksidiyosis da ake haɗawa a abincin kaji su ma an bar su a matsayin ƙarin abinci, ba sa buƙatar takardar likita.