Tambayoyin da ake ta yi mini kan aikin bishara a ƙauyukan Maya

'Yan'uwa, tambayoyin nan na amsa su har bakina ya gaji. Ga su a wuri ɗaya, mai niyyar tafiya ya karanta kafin ya neme ni.

Wai har yanzu akwai mutanen Maya? Ba sun ƙare ba?

Suna nan, miliyoyinsu. A ƙidayar 2018 ta Gwatemala, wata ƙasa a Amurka ta Tsakiya, kusan kashi 42 cikin ɗari na mutanen ƙasar Maya ne. Akwai su a kudancin Meziko da Beliz ma. Tsofaffin birane irin su Tikal ne suka zama kufai.

Sun taɓa jin bishara kuwa?

Haba! Tun zuwan Turawan Sifen a 1524 ake kiran sunan Yesu a tsaunukan nan. Yawancinsu Katolika ne ko 'yan Fentikos. Da wuya ka kwana a ƙauye ba ka ji lasifikar wata majami'a tana waƙa har dare ba, fastocin kuma 'yan gari ne. Wanda zai je da tunanin shi ne farkon mai kai haske, don Allah ya zauna a gida. Ƙarƙashin ikilisiyar da ke wurin za ka yi aiki, abin da dattawanta suka ce suna bukata shi za ka kama.

Sifaniyanci ya isa?

A birni ya isa, a ƙauye bai isa ba. Harsunan Maya 22 ne a Gwatemala kaɗai, manyansu K'iche', Q'eqchi', Mam da Kaqchikel, kuma mai jin Mam ba ya gane mai Q'eqchi'. Tsofaffi da mata da yawa Sifaniyancinsu bai wuce na kasuwa ba. Cameron Townsend ya je ƙasar a 1917 yana sayar da Littafi Mai Tsarki na Sifaniyanci, ya tarar ba ya shiga zuciyar Kaqchikel, sai ya zauna ya koyi harshen, Sabon Alkawari ya fito a 1931. Daga nan ƙungiyar Wycliffe mai fassara Littafi Mai Tsarki ta samo tushe. Ka nemi tafinta da ikilisiya ta yarda da shi, ka kuma biya shi haƙƙinsa.

In ɗauki hoto?

Sai da izini. Na yara kuwa, kada ma ka ɗaga waya. A shekarar 2000, a Todos Santos Cuchumatán, jama'a sun kashe wani ɗan yawon buɗe ido ɗan Japan da direban motarsu saboda jita-jitar satar yara. Ban faɗa don in tsorata ka ba, mutane ne masu karamci, amma a kan 'ya'yansu ba su wasa.

Me ya sa wasu ke ɗari-ɗari da baƙon da ya zo da sunan mishan?

Suna da dalili. A 1562 wani fada ɗan Sifen, Diego de Landa, ya ƙone littattafan Maya a garin Maní na Meziko da sunan addini. Yaƙin basasar Gwatemala, daga 1960 zuwa 1996, ya ci mutum kusan 200,000, galibinsu Maya. Efraín Ríos Montt, wanda a mulkinsa na 1982 zuwa 1983 sojoji suka ƙone ƙauyukan Ixil, wata ƙabilar Maya, ɗan wata ikilisiyar Fentikos ne, yana wa'azi a talabijin. A lokacin yaƙin kuma an kashe masu koyar da katikisim da yawa, an kashe Fada Stanley Rother a Santiago Atitlán a 1981, mutumin da ya koyi harshen Tz'utujil ya ƙi barin garkensa. Dattijon da ya ba ka kujera, wataƙila ya binne 'yan'uwansa a shekarun nan. Kada ka tono masa zancen, idan ya fara da kansa ka yi shiru ka saurara.

Idan an gayyace ni bikin gargajiya, in je ko in ƙi?

Wannan ce tambayar da ba ni da amsa guda a kanta, kuma ina shakkar duk wanda ya amsa ta da sauri. Da farko, wane biki? A Chichicastenango, a kan matakalar majami'ar Santo Tomás, za ka ga mata da tulin furanni, maza suna kaɗa gwangwanin turaren kopal, hayaƙi ya rufe ƙofa, kuma da yawansu za su ce maka su Katolika ne. Akwai ƙungiyoyin da ke riƙon gunkin waliyyin gari shekara guda a gidan ɗayansu. Akwai gunkin Maximón na Santiago Atitlán, an naɗe shi da gyale, taba a baki, ana zuba masa barasa. Akwai kuma mai lissafin kwanaki, wanda ke bin kalandar kwana 260, yana hura wuta da kyandirori kala-kala da sukari. Waɗannan ba abu ɗaya ba ne, ko su kansu mutanen gari ba su ɗauke su ɗaya ba.

Abin da ke sa lamarin nauyi shi ne wanda ke kallonka. Ɗan'uwan da ya bar ƙungiyar waliyyi ya shiga ikilisiyar bishara, sau da yawa ya bar giya ne da bashin biki da suka ci gonarsa, danginsa kuma suka juya masa baya. Ya gan ka zaune a can, zai ji kamar ka rushe masa abin da ya sha wuya a kai. Maƙwabcinsa kuwa, wanda ya taka har masaukinka ya gayyace ka, idan ka ƙi zai ɗauka raini ne. Ba kuma zancen imani kaɗai ba ne, akwai sarauta da gudummawar biki da fili a ciki. A San Juan Chamula ta jihar Chiapas a Meziko, tun daga shekarun 1970 aka kori dubban masu bin bishara daga gidajensu kan irin wannan rikici.

Abin da nake yi, kuma ban ce doka ce ba: ina fara tambayar faston da ya sauke ni, in ya ce kada in je, ba na zuwa, sai in je gidan mai gayyatar washegari in gaishe shi in ci abincinsa. In ya ce babu laifi, ina tsayawa gefe, ba na miƙa hadaya, ba na durƙusawa, barasa kuma in gode in ƙi. Wa'azi a wurin, ko taɓa kayansu, ko dariya, sam. Ka karanta 1 Korintiyawa sura 8 da 10 kafin ka tafi, Bulus ya yi fama da lamirin ɗan'uwa a irin wannan. Duk da haka wani mai bishara da nake girmamawa zai ce maka ko tsayawa gefen bai dace ba, kuma ba zan ce ya yi kuskure ba. Ƙauye ma ya bambanta da ƙauye.

Hanya fa, da abinci?

Tsofaffin motocin makaranta na Amurka da aka yi wa fenti, sai a-kori-kura, sai kwalekwale a tafkin Atitlán. Damina daga Mayu zuwa Oktoba ce, ƙasa na zaftarewa ta tare hanya, kada ka yi tafiyar dare. Ka ɗauki rigar sanyi mai kauri, Quetzaltenango ta haura mita 2,300, sanyin asubarta ya fi na Jos. Abinci masara ce da baƙin wake, safe da dare. Ka ci abin da aka ba ka. Ruwa ka tafasa.

Me zan kai musu? In raba alewa da tsofaffin kaya?

A'a. Kada ka tara yara kana jefa musu abu. Matan nan suna saƙa rigar da ke cin watanni a hannu, gwanjonka ba ya burge su. In akwai kuɗi, a ba ikilisiya a gaban dattawa, a rubuta, a sayi kayan aikin a kasuwar garin.