Ambaliyar Ruwa a Jihar Kebbi: Ƙaddara da Hannun Ɗan'adam

Ambaliya ita ce tumbatsar kogi ko taruwar ruwan sama har ya malale gonaki da gidaje. A Jihar Kebbi ba baƙuwa ba ce, domin ruwan yanki mai faɗi a nan yake taruwa. Gulbin Rima da na Sakkwato suna haɗuwa su biyo ta Argungu da Birnin Kebbi, Gulbin Zamfara da Gulbin Ka su shigo daga gabas, dukansu su zube cikin Kogin Kwara, wanda ke ratsa Bagudo da Yauri. A lokacin marka, wato Agusta zuwa Satumba, fadamun nan kan cika. Cikar ce ma take ajiye lakar da shinkafar Kebbi ke so.

Abin da ake taƙaddama a kai shi ne girman ɓarnar. Manomi idan ya ga gonarsa ta zama tafki yakan ce, "Haka Allah Ya so," kuma gaskiya ya faɗa. Sai dai malamai ba su taɓa ɗaukar imani da ƙaddara a matsayin uzurin sakaci ba. Sukan kawo aya ta 41 ta Suratur Rum, wadda ke cewa ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata, da kuma hadisin ɗaure raƙumi kafin a yi tawakkali.

Madatsun ruwa su ne suka fi jawo ce-ce-ku-ce. An kammala ta Bakolori kusa da Talata Mafara a 1978, ta Goronyo kuma a kan Rima a 1984. Amfaninsu ga noman rani ba a musu, amma sun sa mutanen gangaren kogi sun saba da ƙarancin ruwa, har aka yi gini da shuka a inda kakanni ba sa kusanta. Idan madatsa ta cika, dole a buɗe ta, in ba haka ba ta ɓalle. Tambayar ita ce yaushe aka buɗe, kuma wa aka sanar. A Satumbar 2010 ruwan da ya fito daga Goronyo ya ci ƙauyuka da yawa a jihohin Sakkwato da Kebbi, kuma har yau ana tuna shekarar. A 2020 ƙungiyar manoman shinkafa ta jihar ta ce kimanin hekta 450,000 ruwa ya shafe, ana dab da girbi.

A cikin gari laifin ya fi kusa da gida. Kududdufin da ke shanye ruwan unguwa an cike shi an yanka filaye. Kwalbati ta toshe da leda da robar ruwa. Ruwa ya rasa hanya, ya kwana a gindin katangar ƙasa, da asuba ta zauna, wani lokaci da yara a cikin ɗaki. Saran itace don girki da gawayi shi ma yana da nasa kaso, tunda ƙasar da ba saiwa ba ta riƙe ruwa, sai ta zaizaye ta cike kogi da yashi.

Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, da ta kula da ruwan koguna, NIHSA, suna fitar da hasashen damina da na ambaliya duk shekara, hukumar agajin gaggawa ta NEMA kuma, wadda aka kafa a 1999, tana kai agaji. Amma alhakin nan ba daidai ya rabu ba. Cewa mutum ya tashi ya koma tudu abu ne mai sauƙin faɗi a rediyo. Wanda gonar gadonsa ke fadama, rumbunsa na nan, kabarin mahaifinsa na nan, bai da wani filin da aka ba shi a tudun. Da yawa daga cikin manoman da ruwa ya ci a 2020 bashi suka ci suka yi noman, ciki har da na shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a 2015. Da ruwan ya janye, sun koma fadamun da injin ban-ruwa, suna neman abin biya a noman rani.