Kashin kaji da tarkacen kwata a abincin dabbobi

Kashin kaji, a bakin masu kiwo, shi ne duk abin da aka sharo daga ɗakin kajin gona: kashin kansa, buntun shinkafa ko garin katakon da aka shimfiɗa, gashi, da tsakin da ya zube. Tarkacen kwata kuwa jini ne da ƙashi da abin cikin tumbi. Akan shanya su a cuɗa da dusa a ba dabba, don sun fi ƙuli-ƙuli da anguriya araha.

Tarihin dokar

 A 1967 hukumar FDA, mai kula da abinci da magunguna a Amurka, ta ƙi amincewa da ciyar da dabbobi kashin kaji, sannan a wajen 1980 ta janye, ta bar wa jihohi wuƙa da nama. Abin da ya tayar da hankalin gwamnatoci sosai shi ne cutar haukan shanu, wadda aka gano a Birtaniya a 1986. An alaƙanta ta da garin nama da ƙashi da ake ba shanu, wato saniya na cin saniya. Birtaniya ta hana ba shanu garin a 1988, Amurka a 1997, Tarayyar Turai kuma ta faɗaɗa hanin ga dukkan dabbobin gona a 2001, kodayake daga baya ta ɗan sassauta. Kashin kaji ya shiga lissafi ne saboda tsakin da ke zubewa a cikinsa yana iya ɗauke da wannan garin.

A Najeriya

NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna da aka kafa a 1993, ita ke rajistar abincin dabbobi na kamfani. NIAS, cibiyar kimiyyar dabbobi da aka kafa bisa dokar 2007, tana sa ido kan masu niƙa shi.

A karkarar Kano da Jigawa

Galibin kashin kaji taki yake zama a gonakin rani irin na Kura da Kadawa. Sai bazara ta yi nisa, harawa da kowar wake sun yi tsada, wasu masu turke kan tankaɗe shi da rariya, su fid da gashi da ƙusa, su zuba wa sa ko ragon layya. Cinikin buhu-buhu ne a bakin gona, ba rasit, ba tambari. Likitocin dabbobi sun fi tsoron mushen kaza da ya ruɓe a ciki, domin gubarsa na shanye jikin dabba, sai kuma ragowar maganin da aka ba kajin.

Fiƙihu

Dabbar da ke cin najasa sunanta jallala. Malikiyya sun halatta namanta, Hambaliyya sun ce sai an tsare ta daga cin najasar.