Salon mai ɗaukar hoto

Salon mai ɗaukar hoto shi ne alamar da ke sa a gane aikin mutum ko da babu sunansa a jikin hoton, kamar yadda ake gane hannun maɗinki a aikin wuyan riga. Ya ƙunshi abin da mutum ke zaɓar ɗauka, tazarar da yake tsayawa, irin hasken da yake jira, da hotunan da yake yarda su fita bayan ya tace. Tarihin sana'ar ya nuna cewa da yawa daga waɗanda aka san su da salo sun same shi ne ta hanyar taƙaita kansu ga kayan aiki kaɗan da jigo ɗaya na tsawon shekaru.

Tarihi

A 1932 wasu masu hoto a Kalifoniya ta Amurka, ciki har da Ansel Adams da Edward Weston, suka kafa ƙungiyar f/64. Sunan ya fito ne daga ƙaramar ƙofar hasken lensi wadda ke sa komai ya fito ras, na kusa da na nesa. Wajen 1940 Adams da Fred Archer suka tsara hanyar auna haske mai matakai 11, daga baƙi wuluk zuwa fari fat, domin mai hoto ya san yadda hoton zai fito a takarda tun kafin ya danna. Henri Cartier-Bresson na Faransa, ɗaya daga waɗanda suka kafa ƙungiyar masu hoto ta Magnum a 1947, ya bi wata hanya dabam: ƙaramar kyamarar Leica, lensi mai milimita 50 (lambar da ke nuna faɗin abin da lensi ke ɗebowa) a mafi yawan aikinsa, ba ya son filashi, kuma ba ya son a yanke gefen hotonsa wajen wanki.

Misali mafi bayyana a Afirka ta Yamma shi ne Seydou Keïta na Bamako. An haife shi wajen 1921, wasu majiyoyi na cewa 1923. A 1935 wani kawunsa ya kawo masa kyamarar Kodak Brownie daga Senegal, a 1948 kuma ya buɗe sutudiyo a unguwar Bamako-Coura. Kusan duk abin da ake kira salonsa a yau ya samo asali daga yanayin aikinsa. A tsakar gida yake ɗauka da hasken rana. Fim ɗinsa babba ne, santimita 13 da 18, ana ɗora shi kai tsaye a kan takarda a wanke ba tare da an ƙara girmansa ba, shi ya sa zanen atamfa da saƙar kitso ke fita filla-filla. Fim na da tsada, don haka sau ɗaya yake danna wa yawancin masu zuwa. Dole ya gama gyara zaman mutum, inda hannu zai kwanta da yadda fuska za ta karkata, kafin ya taɓa kyamara. Labulen bayansa na farko mayafin gadonsa ne. Daga baya ya riƙa sauya yadi mai zane bayan 'yan shekaru, har ya zama da labulen yake tuna lokacin da ya ɗauki hoto. Yana ajiye kayan aro ga mai so: rediyo, agogo, alƙalami, babur. Haɗuwar zanen tufafi da zanen labule, wadda wani mai hoton zai guje wa, ita ce aka fi saninsa da ita. A 1962 ya koma yi wa gwamnatin Mali aiki, ya rasu a Paris a 2001. An yi saɓani kan manyan hotunan da aka wanke daga fina-finansa don kasuwar Turai, da kuma wanda ke da haƙƙinsu.

Malick Sidibé, shi ma a Bamako, ya fita daga sutudiyo da filashi zuwa wuraren rawar matasa da dare a shekarun 1960. Ya karɓi kyautar Hasselblad ta masu ɗaukar hoto a 2003. A Najeriya, J. D. 'Okhai Ojeikere (1930–2014) ya fara ɗaukar kitson mata a 1968, ya tara hotuna kusan 1,000 na baƙi da fari, da yawansu daga ƙeya, a gaban bango marar ado.

Abubuwan da ke gina salo

Lensi ne ke tilasta tazara. Mai milimita 28 na ɗebo wuri da faɗi, amma idan aka matso fuska ƙasa da mita 1 hanci zai kumbura, kunnuwa su ja baya. Babbar kyamarar yawancin wayoyi tana kusa da wannan faɗin, abin da ya sa hoton fuska na kurkusa da waya ke sauya kamanni. Mai milimita 85, daga tazarar mita 2, yana barin fuska yadda take. Masu koyarwa kan ba da shawarar a riƙe lensi ɗaya na wata shida zuwa shekara, har mutum ya san iyakar abin da zai shiga hoto kafin ya ɗaga kyamara.

Babbar ƙofar haske kamar f/2.8 na dusar da abin da ke bayan wanda ake ɗauka, ƙarama kamar f/8 zuwa f/11 na fito da shi. Don kada rawar hannu ta ɓata hoto, saurin ƙiftawar kyamara bai kamata ya gaza 1/60 na daƙiƙa ba da lensi mai milimita 50. Doki a sukuwa na bukatar 1/1000. Ranar tsaka na jefa inuwa a ramin ido da ƙarƙashin hula, shi ya sa ake neman inuwar bango ko bakin zaure, ko sa'a ɗaya bayan fitowar rana. Hazon hunturu na tausasa haske amma yana kashe launi.

Tacewa ce aka fi sakaci da ita. Wata hanya ita ce a wanke ƙananan hotuna 30 zuwa 40, masu santimita 10 da 15, a baza su wuri ɗaya, a bar su kwanaki, sannan a rage su zuwa 12. Hoto mai kyau wanda bai dace da sauran ba shi ma a cire shi. A nan mai hoto ke ganin abin da yake maimaitawa ba tare da ya sani ba, kamar son tsayawa ta gefen hagu ko barin sarari mai yawa a saman kai.

Kurakurai

Farar babbar riga na ruɗin ma'aunin hasken kyamara, ya rage haske, fuska ta yi duhu. Maganinsa a auna hasken a kan fuska, ko a ƙara hasken da kyamara ke ɗauka da mataki 2/3 zuwa 1, ana lura kada aikin zaren ƙirji ya ɓace cikin fari. Wasu kan ɗora launi iri ɗaya na manhaja a kan dukkan hotunansu su ɗauka salo ne, alhali launin bai sauya inda suka tsaya ko abin da suka zaɓa ba, kuma yakan mayar da baƙar fata ruwan toka ko ja. Yawan sauya kyamara na hana ido sabawa. Kwaikwayon gwani hanya ce ta koyo da aka yarda da ita, muddin ana kwaikwayon dalilin da ya sa ya tsaya inda ya tsaya, ba labulensa kaɗai ba.

A yau

Yawancin masu farawa da waya suke farawa, suna baje aikinsu a Instagram. Tun 1994 ake gudanar da baje kolin hotunan Afirka a Bamako, galibi duk bayan shekara biyu.